Yaron da littafin sugansa ke yin shiru ranar Asabar

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Zariya, shekara biyu ke nan da zuwana Ingila. Ina aiki a wajen Mancesta tare da masu kula da yara masu ciwon suga. An ba ni wani yaro ɗan shekara 12 mai nau'i na ɗaya, bara aka gano ciwon. Iyayensa Yahudawa ne masu tsananin riƙo da addini, irin masu baƙaƙen kaya da dogon gashi a gefen kunne. Su tara ne a ɗakinsu. Anti, abin ya ishe ni. Littafin da suke rubuta awon suga, daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar ba ko lamba ɗaya, kowane mako haka. Ran Lahadi kuma sai in tarar sugan ya hau. Mun ba su na'urar da ake liƙawa a damtse sun ƙi karɓa, wai ba su da irin wayar da ake haɗa ta da ita. Uwar ta roƙe ni kada makarantarsa ta sani, kada in shigo gidan da kayan aiki a jikina, don tana da 'yan mata biyu da suka isa aure. Uban ko kallona ba ya yi. Yanzu kuma yaron ya ce mini zai cika 13 kafin babban azuminsu, kuma sai ya yi shi, awa 25 ba ci ba sha. Na kwana ina tunanin ko in kai rahoton sakaci da yaro. Wasu ƙawayena kuwa cewa suke me ya dame ni da 'ya'yan Yahudawa, in nemi a canja mini gida. Ki ba ni shawara don Allah.

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan rashin barcin da kika yi saboda ɗan wani. Maganar ƙawayenki zan fara sallama, don gajeriya ce. Amanar yaro ɗan shekara 12 aka damƙa miki, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) da kansa ya taka ya je duba wani yaro Bayahude da ke masa hidima lokacin da ya kwanta ciwo. Kada ki nemi canjin gida. Ina ma ganin duk cikin abokan aikinki ke kika fi kusa da fahimtar mutanen nan, tunda kin taso ne a inda addini ke tsara wa mutum abin da zai ci, da lokacin da zai ci, da wanda zai miƙa wa hannu.

Na yi shekaru ina aikin jinya a arewacin Landan, kusa da unguwar Stamford Hill, inda irin waɗannan Yahudawan da ake kira Haredi suka fi yawa a duk Turai. Na wajenku, mazauna Broughton Park da Prestwich, 'yan uwansu ne a aƙida da al'ada. Abin da nake so ki riƙe da hannu biyu shi ne, a kan lafiyar yaron nan shari'arsu tana bayanki. Suna da wata ƙa'ida da ake kira pikuwah nefesh, wato ceton rai. Malamansu na farko sun ciro ta daga ayar Attaura da ke cewa an ba da dokoki ne don mutum ya rayu da su, suka ce to ai ba don ya mutu saboda su ba ne. Ceton rai yana ture hutun Asabar, yana ture babban azumi, kuma wanda ya tsaya jinkiri a irin wannan hali shi suke zargi. Manyan malamansu da yawa suna sa mai nau'i na ɗaya cikin marasa lafiyan da ransu ke cikin haɗari, don in babu insulin mutuwa ce. Ke ma kin san makamanciyar wannan a wajenmu, larura tana halatta abin da aka hana. Saboda haka in kin shiga gidan, ki daina shiga kamar wadda za ta kare yaro daga addinin iyayensa. Ki shiga a matsayin wadda za ta taimaka musu su cika abin da addinin ya riga ya wajabta musu.

Mu zo kan littafin. Asabar ɗinsu, da suke kira Shabos, tana shiga ne dab da faɗuwar rana ta Juma'a, ta fita bayan taurari sun bayyana daren Asabar. A cikinta akwai nau'o'in aiki 39 da aka hana, kuma rubutu yana ciki. Ke nan littafi zai yi shiru ko da an gwada yaron sau takwas. Kafin ki yanke hukunci, ki karɓi na'urar gwajin ki duba abin da ta ajiye a cikinta. In lambobin suna nan, to babu sakaci, rubutu ne kawai ba a yi ba, sai ki roƙi uwar ta riƙa kwafe su ran Lahadi, ko ku riƙa saukewa a asibiti.

In kuwa kin duba kin ga lallai ba a gwadawa, ko sau ɗaya ake yi a yini, to akwai gyara, kuma ina da zato a kan dalilin. Fitar da jini da taɓa kayan lantarki duk suna cikin abin da suke gudu ranar Asabar. Mai bin doka da zuciya ɗaya, in bai tambayi malami ba, tsananta wa kansa yake yi. Kuma uwar da ke ɓoye ciwon ga makaranta, mai yiwuwa ne ta ɓoye shi ga malaminsu ma. Sai ki tambaye ta cikin ladabi ko sun kai wa Rabbi, wato malaminsu, shaila a kan yaron. Shaila ita ce tambayar fatawa a wajensu, kuma da ta ji kalmar a bakinki za ta san kin ɗauki addininta da daraja. Ba ke za ki ba su fatawa ba, kuma kada ki kuskura ki ce musu addininsu ya ce kaza. Yi tunanin yadda ranki zai ɓaci a ce wata Baturiya ta zo ta karanta miki hukuncin azumin Ramadan. Naki shi ne ki haɗa likitan yaron da malamin, da yardar iyayen, tunda sirrin mara lafiya ne. A rubuta wa malamin bayani a fili: sau nawa ake bukatar gwaji a yini, me zai faru in suga ya faɗi cikin dare ba a sani ba, me zai faru in an tsallake allura. Malamansu a kan maganar likita suke gina hukunci, in an ba su magana mai harshen damo su ma hukunci mai harshen damo za su bayar. Akwai kuma waɗanda suka ƙware a mas'alolin asibiti, iyalin za su san wanda ake zuwa wajensa. Wani zai ce a danna na'urar da bayan yatsa ko da hannun hagu, abin da suke kira shinui, wato canja yadda aka saba yin aikin. In hakan bai kawo jinkiri ba, ki bar su su yi, ba ya rage komai a awon.

Batun na'urar damtse kuwa, gaskiya suka faɗa miki. Yawancinsu wayar kosha (kosha shi ne halas a shari'arsu) suke riƙewa, wadda ba ta da intanet ba ta da manhaja, kuma makarantunsu da yawa ba sa yarda iyaye su riƙe babbar waya. Amma na'urorin damtsen, FreeStyle Libre da Dexcom, duk suna da ƙaramin abin karantawa nasu na daban da ba ya bukatar waya. Shi za ki nema musu. A ganina wannan na'urar ta fi dacewa da Asabar ɗinsu fiye da sokin yatsa, don babu fitar da jini, kuma za ta yi ƙara da kanta in suga ya kama hanyar faɗuwa. Sai dai ki lura da ranar canji. Mai kwana 14, in an liƙa ta ran Litinin, ran Litinin za ta ƙare kullum. Mai kwana 10 kuwa yawo take yi cikin mako, wata rana sai ta faɗo a tsakiyar Asabar, don haka a riƙa duba kalanda ana canjawa tun safiyar Juma'a in ta kama. A cika abin karantawar da caji kafin rana ta faɗi. Tun ƙarshen 2023 hukumar NICE, mai tantance magunguna da hanyoyin jinya a Ingila, ta amince a ba yara masu nau'i na ɗaya famfon insulin da ke magana da na'urar yana daidaita kansa. Ki tayar da maganar a taronku, don yaron da ke gudun danna maɓalli yini guda kowane mako yana cikin waɗanda za su fi amfana.

Yanzu ga inda nake zaton sugan Lahadi yake fitowa, kuma a nan nake so ki ɓata lokaci. Abincin Shabos ibada ne a wajensu, sau uku ake zama. Daren Juma'a uba zai ɗaga kofi ya yi addu'ar da suke kira kidush a kan ruwan inabi, a wanke hannu, a yanka burodin hala guda biyu, mai laushi da ɗan zaƙi, sannan kifi, sannan romon kaza da taliya ko 'yan curin gari a ciki, sannan nama da kugel, wani gashin dankali ko taliya mai maiƙo, sannan kayan zaƙi. Ana iya awa biyu a kan teburi ana waƙe-waƙen addini. Washegari bayan an taso daga majami'a akwai ɗan liyafa da kek, a dawo gida kuma a tarar da colent, tukunyar wake da sha'ir da dankali da nama mai kitse da aka ɗora tun Juma'a ta kwana tana dahuwa, tunda ba a hura wuta ranar. Kin san abin da kitse ke yi, yana jinkirta narkewar abinci, sai sugan ya taso bayan awa huɗu ko biyar, lokacin da allurar da aka yi kafin cin abinci ta gama aikinta. Ga kuma barcin rana, ba gudu ba keke. To yaya Lahadi ba za ta zo da lamba mai nauyi ba?

Kada ki ce a daina colent, ba za a daina ba, kuma ba dalilin da zai sa a daina. Yaron da ke kan insulin yana iya cin abin da 'yan uwansa ke ci in an san nawa ne a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya, aikin duka na Alhamis ne da safiyar Juma'a. Ki nemi mai kula da abinci ta ƙungiyarku ta zauna da uwar, ta karɓi yadda take girkinta na ainihi, ludayi nawa na sha'ir, dankali nawa, a lissafa giram nawa na kabohaidiret ke cikin ludayi guda. Burodi kusan rabin nauyinsa kabohaidiret ne, sai a auna yankan yaron tun kafin rana ta faɗi, ko a gasa masa 'yan ƙananan hala masu nauyi ɗaya. Ruwan inabi yana da kusan giram 15 a kowane mililita 100, amma wanda ya yi addu'ar shi ke shan mai yawa, sauran kurɓa ɗaya ta ishe su. A rubuta duk wannan a kati da manyan baƙaƙe, da adadin insulin a gefen kowane abinci, a ajiye kusa da teburi, don karatu ba laifi ba ne ranar Asabar. Ki kuma gaya wa likitan tsawon zaman cin da yawan maiƙon, shi zai ga ko a raba allurar biyu. Uwar da ke ciyar da yara tara ta iya lissafi fiye da yadda ake zato, a nuna mata sau ɗaya kawai.

Sai abin tayar da suga in ya sauka ƙasa da 4 a na'urar gwaji. Alawar da muka saba ba yara a asibiti, mai taushin nan, yawancinta da jelatin aka yi ta, kuma ba kosha ba ce. In kin ba uwar za ta karɓa ta yi godiya ta jefa a shara. Ki tambaye ta tambarin kosha da gidansu ke yarda da shi, don ba duka suke karɓa ba, wani gidan na hukumar kosha ta Kedassia, wani na kotun addininsu ta Mancesta. Ita ta sayo ƙananan kwalayen ruwan tuffa ko lemo da alawa mai tambarin, ke ki duba giram ɗin, a ɗaure kowane giram 15 a ledarsa. Ki kiyaye abu biyu. Ba sa haɗa nama da madara, yawancinsu awa shida suke jira bayan cin nama, don haka biskit ɗin da za a bi da shi ya zama wanda ba madara a ciki, abin da suke kira parev. Na biyu, ruwan inabin da ba a dafa ba, in wanda ba Bayahude ba ya buɗe ko ya zuba, ya haramta a gare su. Ki bar uwar ta zuba da hannunta, sai fa in yaro ya fara fita hayyacinsa, a nan kam ki ɗauki abin da ya fi kusa. Insulin da allurar gulukagon, wadda ake yi don tayar da suga in ya faɗi sosai, ba ruwansu da kosha tunda ba ci ake yi ba. Akwai kuma dokar hana ɗaukar kaya a titi ranar Asabar. Mancesta tana da eruv, wata iyaka da aka kewaye da ke halatta ɗauka a cikinta, amma ba kowane gida ke dogara da ita ba. In gidan nan ba sa dogara, a sa wannan ma cikin shaila, a kuma ajiye leda ɗaya a majami'a tun ran Juma'a. Yaro kada ya fita ba suga a aljihunsa ko a inda zai je.

Azumin da yake magana shi ne Yom Kifur, wanda ke zuwa cikin Satumba ko Oktoba. Namiji a wajensu yana zama baligi a shekara 13, mace a 12, shi ya sa yaron ya ƙwallafa rai. Ki tuna kanki shekarar da kika fara cika azumi talatin, yadda kike ƙirgawa da ƙawayenki. Abin da yake tsoro shi ne duk sa'anninsa su zama manya shi a bar shi a yaro. Ra'ayina ba na ɓoyewa: yaron da bai fi shekara guda da ciwo ba, sugansa bai zauna ba, jikinsa yana cikin girman balaga, bai kamata ya yi awa 25 ba ci ba sha ba. In an ci gaba da insulin ba abinci, suga na iya faɗuwa cikin dare. In an dakatar da insulin don gudun haka, wanda shi ne kuskuren da iyalai suka fi yi, sinadarin keton zai taru a jini, ga ƙishirwa, ya ƙare a gadon asibiti. Insulin mai dogon aiki ba a tsayar da shi ko mutum bai ci komai ba, ki nanata wa iyayen wannan har sai sun iya maimaita miki.

Amma in ke kika ce masa ba zai yi ba, zai iya yi a ɓoye, kuma wannan ya fi komai haɗari. In malaminsu ne ya kira shi ya ce masa ibadarka a wannan rana ita ce ka ci, zai ci da kwanciyar rai. Suna da wata hanya ta tsakiya da ake kira shiurim, inda mara lafiya ke cin abin da bai kai mililita 30 ba, ya sha abin da bai cika kunci ɗaya ba, ya jira kamar minti tara ya sake. Ko wannan ya dace da shi, ko ya ci abincinsa yadda ya saba, likita da malami za su tsayar tare. Abin da ba a ciniki a kansa shi ne, da suga ya faɗi, ba awo ba jira, a sha abin zaƙi nan take. Ki sa a yi wannan zaman tun da saura wata biyu, don watan cike yake da bukukuwa: sabuwar shekararsu da tuffa da zuma, azumin, bikin bukkoki, da ranar da ake raba wa yara alawa a majami'a. Wani lokaci biki yana haɗuwa da Asabar a yi kwana uku ba waya ba kanti, don haka a tanadi insulin da allurai da abin gwajin keton tun da wuri. Haka za ki sake yi kafin Fesah, wanda Kiristocinmu ke kira Idin Ƙetarewa. A nan ana shan kofi huɗu na inabi a dare ɗaya, ana cin matza, busasshen burodi marar yisti wanda kusan kashi huɗu cikin biyar na nauyinsa kabohaidiret ne, kuma har ledar tayar da suga sai an canja ta da mai tambarin bikin.

Batun ɓoyewar shi ya fi taɓa mini zuciya, don na san shi tun daga gida. Gidaje nawa kika sani a Zariya da suka ɓoye farfaɗiyar ɗa ko sikilar 'ya har aka ɗaura auren yayye? A wajen mutanen nan aure ta hannun masu haɗawa ake yi, shiduk suke ce masa, kuma ana bincike sosai a kan lafiyar dangi. Kalma ɗaya a bakin maƙwabciya tana iya sa a daina turo wa 'yan matan nan manema. Tsoron uwar yana da tushe, kada ki raina shi. Abin da ta roƙa da ba ya cutar da yaro, ki yi mata. In aikinku ya yarda, ki ɗora riga a kan kayan aiki, ki sa kayan gwaji a jakar hannu, ko a riƙa ba su lokaci a asibiti. Kada ki gaishe ta a kanti da maganar suga.

Makaranta kuwa ba zai yiwu ba, kuma ki faɗa mata haka ido da ido. Yaran nan suna daɗewa a makaranta, wasu tun safe har kusan magariba, ga Lahadi ma ana zuwa. In suga ya faɗi a aji, malamin da bai sani ba zai ɗauka taurin kai ne ko barci, ya ce ya fita ya tsaya a waje. Ba duk makarantar za a sanar ba. Mutum biyu sun isa, shugaban makaranta da malamin ajinsa, ita ta zaɓi yadda za a gaya musu, kuma a addininsu yaɗa sirrin mutum babban zunubi ne, sai a tuna musu. Ki kuma ba ta abin da za ta riƙe in maganar ta fito: ciwon nan ba shan zaƙi ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa, kuma cikin 'yan uwan mai ciwon kusan tara cikin goma ba sa samunsa. A Amurka akwai wata ƙungiya mai suna Friends With Diabetes da wani malaminsu, Rabbi Hirsch Meisels, ya kafa don iyalai irin nata. Ki gaya mata, ko don ta san ba ita kaɗai ba ce. Takarda za ki riƙa ba ta, ba adireshin intanet ba, ki kuma tambaya ko uban ya fi jin daɗin karatu da harshen Yidish.

Shi uban, ki sauke abin daga ranki. Runtse ido yake yi daga matar da ba tasa ba, kamar yadda malaman zaure ke yi a cikin birnin Zazzau. Kada ki miƙa masa hannu, kada ki keɓe da shi a ɗaki. Amma ki nemi ya zauna a zaman azumin, in ya yiwu da likita namiji, don shi ke tare da yaron a majami'a yini guda, shi zai fara ganin gumi da rawar hannu.

Rahoton sakaci ban ce ki cire shi daga ranki gaba ɗaya ba. Kada dai ki ɗauki nauyin ke kaɗai. Gobe ki faɗa wa shugabarki da mai kula da kariyar yara a wajen aikinku abin da kika gani, ki rubuta shi yadda yake ba ƙari, ki rubuta matakan da za ki ɗauka. In bincike ya nuna ana tsallake insulin ranar Asabar kuma an ƙi gyarawa bayan an yi bayani, ko yaro ya galabaita an ƙi kiran taimako, ko an ƙi sanar da kowa a makaranta bayan duk lallashi, to wajibinki ne ki ɗauki mataki, babu addinin da zai hana. Amma abin da kika rubuto mini bai kai nan ba tukuna, kuma rahoton da aka yi da gaggawa yana iya rufe ƙofar gidan ga duk wani ma'aikacin lafiya na shekaru. Ki tabbatar lambar Hatzola, masu motar asibitin sa-kai na unguwarsu da ke fita har ranar Asabar, tana liƙe kusa da wayar gidan tare da 999, kuma yayyen nan biyu sun iya allurar gulukagon.

Ziyararki ta gaba ki sa ta safiyar Litinin ko Talata, lokacin da yara suka tafi makaranta. Juma'a kam kada ki je, a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu Asabar ta shiga, uwar tana ta tsere da rana. Kada ki shiga mata kicin da kofinki ko abincinki. Ki ajiye littafin a jaka, ki ce ta ba ki labarin Shabos ɗinsu tun daga azahar ɗin Juma'a har fitar taurari, me ake ci, ƙarfe nawa, yaron yana ina a kowane lokaci, wa ke tare da shi. Daga nan ki karɓi na'urar ku duba lambobin tare. Shi kuma yaron, in kin same shi, ki tambaye shi karatun Attaurar da yake shiryawa don bikin cikarsa 13 kafin ki tambaye shi suga. Ki sake rubuto mini bayan kun zauna da malamin, ina so in ji abin da ya yanke.